Na koma Kirista, Baba ya kore ni: me doka ta ce?

Ƙanena, na karanta saƙonka har ƙarshe kuma gaskiya na ji maka. Ka ce shekararka 26, bara ka karɓi addinin Kirista, Baba ya ce ka bar masa gida, kawunka ya riƙe takardun makarantarka da keken ɗinkinka, ga shi ana ta ce maka wai za a maka ka a kotun shari'a.

Wannan tsoron kotun ka ajiye shi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da 'yancin canza shi, haka aka rubuta ɓaro-ɓaro. Dokokin laifuka na shari'a da jihohi 12 na Arewa suka kafa, tun daga Zamfara a 2000, ba su sa ridda cikin laifukan da ake hukuntawa ba. Inda mutane ke faɗawa shi ne zargin ɓatanci, to don Allah ka kama bakinka da yatsunka, kar zafin rai ya sa ka rubuta wata magana a Facebook kan addinin da ka bari, don sau da yawa kafin maganar ta kai gaban alƙali taron jama'a ya riga ya yi ɓarna.

Takardu da keke naka ne, ba wanda ke da ikon riƙe su don ka canza addini. Nemo rasit ɗin keken ko wanda aka saya a gabansa, lauya ya fara rubuta wa kawu wasiƙa, in ya ƙi sai kotu. In aka kulle ka a ɗaki ko aka yi maka barazanar kisa, in ta tes aka turo barazanar kar ka goge shi, ka kai rahoto wajen 'yan sanda, sashe na 46 na kundin tsarin mulkin kuma ya ba ka damar zuwa babbar kotu kai tsaye. In ba kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Gida kam na Baba ne, ka balaga, kotu ba za ta tilasta shi ya zaunar da kai ba.

Maganar gado ce mai ɗaci, kuma gara ka ji ta tun yanzu. Baba Musulmi ne, in ta Allah ta kasance da shari'ar Musulunci za a raba dukiyarsa, a mazhabar Malikiyya kuwa saɓanin addini na hana gado. Amma akwai ƙofar da ke buɗe, a hannunsa kuma take: zai iya yi maka kyauta yana raye, ka karɓa a hannunka gaban shaidu. Shi ya sa ban so ka fara da sammaci. Ka tsaya kan bangaskiyarka, amma ka nemi dattijon da Baba ke jin nauyinsa ya shiga tsakani, ka ci gaba da kiran Umma kana gaishe ta ko ba ta ɗauka ba, kuma ka samu wurin kwana a wata unguwa kafin ka tayar da maganar keken.