Hutu da iyali a jirgin ƙasa a Turai: Eurail ko tikiti ɗai-ɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai iyalina Turai a watan Agusta, mako biyu: ni, maiɗakina, 'yarmu mai shekara 14, ƙanenta mai shekara 9, da auta mai shekara 3. Muna so mu ga Faris, Birasels, Amstadam, Kolon, Zurik, Milan, Rum da Basalona, mu ƙare a Landan. Wani abokina ya ce in sayi tikitin Eurail kawai, da shi za mu hau kowane jirgi. Gaskiya ne? — Magidanci daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ku lafiya. Kafin mu zo kan tikiti, ku sake duba jerin nan naku. Birane 9 a kwana 14, ga ɗan shekara 3 a hannu. Kowane gari bai samu cikakken kwana biyu ba, kuma rabin wannan ɗan lokacin zai tafi ne a ɗaure kaya, neman tasha da jiran a ba ku makullin ɗaki. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ni da na isa da ku, birane huɗu zan bar muku: ku sauka Faris, ku hau jirgi mai gudu na TGV Lyria zuwa Zurik, tafiyar wajen awa 4, daga nan ku gangara Milan ta ramin Gotthard, wanda aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 57 a ƙarƙashin duwatsu, sannan Milan zuwa Rum awa 3. Ku sayi tikitin jirgin sama mai shiga ta Faris ya fito ta Rum, don kada ku ɓata kwana guda wajen komawa inda kuka faro.

Landan kuwa ku cire ta, sai dai in kuna da bizar Ingila. Bizar Shengen, wadda za ku shiga sauran ƙasashen da ita, ba ta kai mutum can, kuma tun a tashar Gare du Nord ta Faris ake duba fasfo kafin a hau Eurostar, jirgin da ke zuwa Landan.

Abokinku ya faɗi rabin magana. Eurail na aiki a ƙasashe 33, kuma yana da daɗi ga mai ƙananan yara: 'yan shekara 4 zuwa 11 ana ba su nasu kyauta, biyu ga kowane babba, wanda bai kai 4 ba ma ba ya buƙatar komai in zai zauna a cinya. Abin da bai gaya muku ba shi ne kuɗin kujera. A Faransa, Italiya da Sifaniya ba a hawa jirgi mai gudu sai an kama kujera tun da wuri, kuma ana biyanta daban ko da Eurail a hannu. Frecciarossa na Italiya kan karɓi wajen Yuro 13 a kan kowane kai, Eurostar wajen Yuro 30 ko fiye, kuma yaron da aka ba tikiti kyauta shi ma sai an biya masa kujera. Ƙari a kan haka, kujerun da Eurostar ke ware wa masu Eurail ƙidayayyu ne. A Agusta za ku iya ganin jirgi da sauran wuri, amma rabon masu Eurail ya ƙare.

Babbar 'yarku ita ce ke juya lissafin. A wurin Eurail ta wuce yaro, sai an saya mata na matasa, wanda ke farawa daga shekara 12. Amma a jiragen Deutsche Bahn na Jamus, yaro daga 6 zuwa 14 kyauta yake tafiya tare da babba, muddin an sa shi a tikitin lokacin saye. A Suwizalan, in iyaye suka sayi Swiss Travel Pass, akwai katin iyali da ake bayarwa kyauta wanda ke ɗauke wa yaran da ba su kai 16 ba kuɗin jirgi. Trenitalia da Italo, kamfanonin da ke gasa a layin Milan zuwa Rum, kowanne yana da rangwamen iyali, sai dai sharuɗɗan kan canza, a duba ranar saye.

A hanyar da na zana muku, hawa uku ne kacal, ranakun kuma sanannu. Wannan ba aikin Eurail ba ne. Ku sayi tikiti ɗai-ɗai a shafin kamfanonin da kansu, wata biyu ko uku kafin tafiya, domin farashin jirgi mai gudu kamar na jirgin sama yake: mai sauƙin ya fara ƙarewa, na ranar tafiya kan ninka. Eurail yana biyan kuɗinsa ne ga wanda zai yi yawo a Jamus, Ostiriya, Suwizalan, Holan da Beljiyam, inda yawancin jirage hawa kawai ake yi ba tilas a kama kujera ba, kuma ga wanda ba ya son a ɗaure shi da rana da awa. Mai iyali biyar a tsakiyar hutun Turawa ba shi da wannan 'yancin ko da ya so, tunda otal ya riga ya ɗaure shi.

Tambaya: Ƙasashe uku za mu shiga, Faransa, Suwizalan da Italiya. Biza uku za mu nema? Kuma mu fara sayen tikitin jirgin ƙasa ko mu jira biza? — Hajiya daga Kaduna

Amsa: Guda ɗaya ce, Hajiya. Dukkansu ukun suna cikin yankin Shengen, mai ƙasashe 29, har da Suwizalan duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ofishin jakadancin da za a nufa. Ƙa'idar ita ce ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, ba wadda za a fara sauka ba, kuma da ƙasa ake lissafi ba da birni ba. In za ku kwana 5 a Faris, 2 a Zurik, 2 a Milan, 4 a Rum, to Italiya ce da 6, wurinta za ku je ko da a Faris jirginku zai sauka. Sai in kwanakin sun zo daidai ne ake komawa ga ƙasar farko.

Kuɗin biza tun watan Yunin 2024 Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, na ƙasa da 6 ba ya biya, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Ana kuma neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000 ga kowane mutum.

Tambayarki ta biyu ita ce mai ƙaiƙayi. Tikiti mai araha yawanci ba a mayar da kuɗinsa, biza kuma ba ta da tabbas sai ta shigo hannu. Mafita ita ce sammako: ana karɓar takardu tun saura wata 6 a tafi. Ki nema da wuri, ki haɗa da rubutaccen tsarin tafiya da otal ɗin da ake iya sokewa, biza na fitowa ki sayi tikiti. A jirgi kuma fasfo ya zauna a jakar hannu, ba a ƙasan akwati ba. Babu shinge tsakanin ƙasashen, amma 'yan sanda kan shigo tarago a kan iyaka, musamman wajen shiga Jamus da Suwizalan.

Tambaya: Na ji ana kwana a jirgi a wayi gari a wata ƙasa. Ya dace da mai yara huɗu? Ni damuwata kada a haɗa matata da 'ya'yana mata ɗaki ɗaya da maza baƙi. — Malami daga Zinder

Amsa: Ya dace, Malam, in an biya abin da ya kamata. Mafi faɗin harkar shi ne Nightjet na kamfanin jiragen ƙasan Ostiriya, wanda ya fara da wannan suna a ƙarshen 2016, yana haɗa irin su Biyana da Rum, Biyana da Hambog, Zurik da Amstadam. Aji uku ne: kujerar zaune, ɗakin gadaje 4 ko 6 masu hawa-hawa, sai ɗakin barci sosai mai wurin wanke fuska. Kujerar zaune kada ku ko kalle ta da yara. Ku shida ne, ɗaki mai gado 6, in jirgin yana da shi, kamar don ku aka yi shi: ku kama shi gaba ɗaya a matsayin ɗakin iyali, ku kulle ƙofa daga ciki, babu baƙo. Akwai kuma ɗakunan mata zalla ga macen da ke tafiya ita kaɗai.

Kada dai ku shiga da tunanin araha. A lokacin zafi kuɗin ɗaki guda kan kai na otal da tikitin rana a haɗe, kuma ɗakunan iyali su ke fara ƙarewa. Ribar ita ce yinin da kuka tsira da shi, da murnar yara, don hawa gadon sama a jirgi mai tafiya ya fi musu duk wani gidan tarihi. Barci kuwa sama-sama ne, jirgin na tsayawa yana tashi cikin dare. Sau ɗaya a tafiya ya wadatar.

Tambaya: Kaya fa, da abinci, da salla? — Maman 'yan biyu, Abuja

Amsa: 'Yar'uwa, a nan ne jirgin ƙasa ya fi jirgin sama, a nan ne kuma yake kama mutanenmu. Yawancin jiragen ba sa auna kaya. Eurostar na barin babba ya shiga da akwati biyu da jakar hannu, ba ruwansa da nauyi. Amma babu ɗan dako. Duk abin da kika ɗauko, ke da maigida za ku ɗaga shi ku hau matakala, jirgin kuma a tashoshin hanya minti biyu ko uku yake tsayawa. Babban akwati ɗaya ga kowane babba, yara kowa da 'yar jakar goyo, keken jariri mai naɗewa. Tsaraba a bari sai birnin ƙarshe. Masu arahar nan irin Ouigo su kam suna iyakance kaya, ƙari sai an biya.

In za ku hau jirgi mai gudu na ICE a Jamus, ki nemi ɗakin masu ƙananan yara lokacin kama kujera, akwai fili da wurin ajiye keke. A Suwizalan wasu jiragen masu bene suna da tarago mai filin wasa a sama. Ki kuma lura Faris ba tasha ɗaya gare ta ba: jirgin Birasels da Landan a Gare du Nord yake, na Zurik da Basalona a Gare de Lyon, tsakaninsu sai an hau jirgin cikin gari na RER D. Da yara, ki ba wa wannan canjin awa ɗaya da rabi.

Abinci ki shiga da naki, ba mai hanawa, na cikin jirgi ga tsada ga shakkar abin da aka sa. Halal ba ya wuya a kusa da manyan tashoshi: shagunan Turkawa a Jamus, na 'yan Maroko a kewayen tashar Brussels-Midi ta Birasels, ga unguwar Château Rouge kusa da Gare du Nord inda har kuɓewa da manja ake samu. Bayin jirgi babu buta, ki tanadi ƙaramar gora. Salla kuma, ku yi alwala tun daga masauki, ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ku tashi, domin lokutan can za su ba ku mamaki: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Faris sai wajen ƙarfe 10 na dare. In Juma'a ta riske ku a can, Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926 ya cancanci zuwa, haka na Rum da aka buɗe a 1995.

Tambaya: Ina karatu a Jamus, iyayena za su zo daga gida. Tikiti iri ɗaya za mu saya? Kuma jiragen nan suna yawan latti, in muka rasa na gaba fa? — Ɗalibi a Kolon

Amsa: Ba iri ɗaya ba. Da wurin zama ake lissafi, ba da fasfo ba: kai mazaunin Turai ne, Interrail, takwaran Eurail na mazauna Turai, shi ne naka, su Baba Eurail. Jirgi ɗaya za ku hau. Sai dai naka ba ya aiki a cikin Jamus sai a rana ɗaya ta fita da ɗaya ta dawowa.

Batun latti, ka sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya. In na farko ya makara ka rasa na biyu, haƙƙinka ne a sa ka a na gaba ba ƙarin ko sisi, kuma dokar Tarayyar Turai ta ce a mayar da kashi 25 cikin 100 in lattin ya kai awa ɗaya, kashi 50 in ya kai awa biyu. In ka yanka tafiyar gida biyu a kamfanoni daban don neman sauƙi, na biyun zai iya cewa bai san zancen ba. Da dattawa, kada ka yarda da canjin jirgi na minti 8 da manhaja ke nunawa. Ka mayar da shi rabin awa.

Tambaya: Mu Andalus kaɗai muke son gani. Jirgin ƙasa na zuwa? — Alaramma daga Gusau

Amsa: Yana zuwa, Allah ya gafarta Malam, kuma cikin sauƙi. Daga tashar Atocha a Madrid zuwa Ƙurɗuba (Córdoba) bai cika awa 2 ba, a layin da aka buɗe a 1992, Ishbiliya (Sevilla) na gaba da ƙasa da awa ɗaya, Garnaɗa (Granada) kuma ta samu nata jirgin mai gudu a 2019. Tikiti ɗai-ɗai za ku saya, Renfe, kamfanin jiragen ƙasan Sifaniya, na da abokan gasa a hanyar, farashi ya sauko. A tashoshin Sifaniya ana sa kaya a na'urar bincike, ku je da wuri, kuma jaririn da ba ya biya shi ma sai an cire masa tikitinsa na kyauta.

Ku guji Yuli da Agusta in da hali, zafin Ƙurɗuba da Ishbiliya kan haura 40, Afrilu ko Oktoba sun fi. Ku kuma shirya zuciya: masallacin Ƙurɗuba da Abdurrahman na Farko ya fara ginawa wajen shekarar 785 an mayar da shi coci tun 1236, da tikiti ake shiga, masu gadi kuma ba sa barin a yi salla a ciki. Fadar Alhamra a Garnaɗa da suna da lambar fasfo ake sayar da tikitinta, da ƙayyadadden lokacin shiga, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar. Shi za ku fara saye, sannan ku nemi jirgin da ya dace da ranar.