Amsar kaka ga jikarta a kan zancen da

Kishiya, saƙonki ya iso. Ƙaninki ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan ina faɗa, in kin ga kuskure nasa ne. Kin ce babanki ya yi miki faɗa don yaron nan ya tsaya da mota a bakin layi, ya kira ki a waya kika fita, har yana cewa a zamanin iyayensa ba a haka. Shi ne kike tambaya ko gaskiya ne mu ba mu san soyayya ba, ɗaukarmu kawai ake yi a kai ɗakin miji. Na yi dariya har da tari. Babanki da aka haifa bayan rasuwar Sardauna, ina ya ga zamaninmu?

Mun yi zance, mun yi kwalliya, mun yi kishi har da gaba. Sai dai namu a idon gari ake yinsa.

A wajen talla ake fara ganin yarinya. Ni dakuwa da gyaɗa nake ɗauka, ribar kuwa inna ke tarawa tana saya mini tasoshi da kwanuka na ɗaki. Saurayin da ya ƙyasa ba zai ce miki uffan ba. Zai tsayar da ke ya tambayi kuɗin farantin gaba ɗaya, ya biya, ya rabar wa yara. Kafin ki isa gida labari ya riga ki. Lokacin ba naira, sai a 1973 ta zo. Kwabo 12 ne sule, sule 20 fam guda, akwai sisi da taro da anini. Wanda ya juye miki tallan sule guda, to ba wasa ya kawo shi ba.

Da dare kuma, in farin wata ya fito, sai dandali. Mu yi gaɗa, mai kalangu ya zo, kowace yarinya da takenta. In aka kaɗa naki kika shiga fage, masu sonki su taso suna manna miki kwabo a goshi, kowa na ƙirgawa a zuci. Akwai sarkin samari, akwai shugabar 'yan mata, su ke raba rigima, su ci tarar wanda ya yi rashin kunya. Wannan a ƙauyenmu ne fa. 'Yan uwanmu na cikin birnin Kano, musamman gidajen malamai da attajirai, ba a barinsu dandali. Sinima kuwa, wadda aka ce an gan ta a ƙofarta ta gama auruwa a unguwar.

Zance na gaske a zaure ake yi, bayan isha'i. Ba ya zuwa shi kaɗai, da abokinsa yake tafe. Su sami yaro su aika: wai ana sallama da wance. Ba ki isa ki zabura ki fita ba, sai inna ta ce je ki, ita ma sai ta ga dama. Ko ta ce, sai kin ɗan ja lokaci, don kada a ce kina rawar jiki. Ki ɗauki tabarma da aci-balbal, ƙanwarki na biye da ke, ta zauna a bakin ƙofa kamar an dasa ta. Ki durƙusa ki gaishe su, ki koma gefe ki sunkuyar da kai.

Kakanki, Allah ya jiƙansa, ya yi wata uku yana zuwa ban san kalar idonsa ba. Ƙafarsa na sani, da wani tabo a babban yatsa inda fartanya ta sare shi. Abokinsa ne ke ta zuba, shi sai gyaran murya, ni kuma ina karya tsinken tabarma. Tabarmar nan sai da ta zama ba baki. In za su tafi ba ya miƙo mini kuɗi a hannu, sai ya tura sisi ƙarƙashin tabarma, ya ba ƙanwata kwabo. Ni ma ban isa in ɓoye ba, inna zan kai wa. Da salla ya kawo toshi: ɗankwali, kwalli, da kwalbar Bintu Sudan. Sunansa kuwa ban taɓa kamawa ba har ya koma ga Allah.

Akwai wani da ya so ya yi mana wayo, ɗan ajin Yaƙi da Jahilci. Ya rubuto mini wasiƙa da boko, ya ba yaro. To ni ina na iya? Na kai wa yayana, shi kuwa ya tsaya a tsakar gida ya karanta da ƙarfi, har da inda aka ce wai ba ya iya barci. Matan gida suka yi ta shewa. Bawan Allah bai sake bin layinmu ba.

Abin da babanki yake nufi, ko da bai iya faɗa ba, shi ne gidan ake nema tare da yarinyar. Kakanki in ya hango babana a hanya, sauka yake daga kekensa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna har sai ya wuce. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Da damina ya tara abokansa suka yi wa babana gayya a gona, tun safe har azahar. Duk wannan kafin a ce masa ya turo magabatansa. Su ne suka kawo kuɗin na-gani-ina-so da na gaisuwar iyaye, aka raba goro a dangi, aka sa rana sai bayan an sayar da gyaɗa, don da kaka ne kuɗi ke hannun manomi. Babana bai ma zauna a wajen ba, ƙaninsa ne ya karɓi sadaki. Aka ɗaura a 1959, ana saura shekara guda a sami 'yancin kai.

Amma kada in yi miki ƙarya, ba duka ne zuma ba. A ƙauyuka akwai tsarance, inda saurayi da budurwa kan kwana wuri ɗaya bisa sharaɗin ba abin da zai faru. Malamai sun yi ta yaƙarsa har ya mutu, kuma gara da ya mutu. Sannan an aurar da mu da ƙuruciya ƙwarai, da yawa ba su kai 15 ba, wasu haihuwar fari ta lalata su, wasu ta tafi da su. Ni na yi sa'a wanda nake so shi aka ba ni. Ƙawata ta dandali tana da nata saurayin, mahaifinta ya ba da ita ga abokinsa mai mata biyu. Sau uku tana gudu cikin dare, sau uku ana mayar da ita da bulala. A na huɗu ta faɗa gidan alƙali, aka raba auren, amma ba ta ƙara zama yarinyar da na sani ba. Duk mai ce miki a koma zamanin da gaba ɗaya, ki tambaye shi ko har da wannan.

Wayar taku ba ta dame ni ba, da muna da ita da tsinken tabarma ya huta. Tsayawar bakin layin ce ban so ba. Mutumin da ya san lambar wayarki amma bai san zauren ubanki ba, me zai ce in an tambaye shi gidan wa yake nema? Ki ce masa ya ajiye motar, ya tako da ƙafarsa ya yi sallama, ya gaida babanki ko da zai sha harara. In ya yi haka, ki kawo mini shi ranar Juma'a in gan shi, in ya yi mini in ƙwace. Ya zo da goro fari, ya haɗo da magogi, haƙoran sun ƙare.