Saɓanin RSI da farashin zinare: in sayar yanzu?

Malam daga Sakkwato, ka ce farashin zinare ya kai sabon ƙololuwa amma RSI, wato ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi, bai kai inda ya kai a baya ba, kana tambaya ko ka sayar.

Dakata tukuna. Wannan saɓanin na farashi da RSI na nuna ƙarfin masu saye ya ragu, ba wai sun janye ba. Kasuwa mai hawa sosai takan nuna shi sau biyu ko uku kafin ta juya, a nan jarin masu gaggawa ke ƙonewa.

Bar RSI a kan 14, wato ya riƙa lissafi da kyandir 14 na baya (kyandir shi ne sandar da ke nuna motsin farashi na kowane zango a jadawali), yadda Welles Wilder, wanda ya ƙirƙiro shi, ya tsara shi a 1978. Duba jadawalin awa 4 ko na yini. Na minti 5 hayaniya ce kawai. Tabbatar ƙololuwar RSI ta farko ta wuce 70, kuma kyandir ya rufe, wato lokacinsa ya cika, kafin ka kwatanta. Sannan jira farashi ya karya kwarin da ke tsakanin ƙololuwan biyu. In ka sayar, sa matsayar asara (farashin da ciniki zai rufe da kansa in ya juya maka baya) ɗan sama da ƙololuwa ta biyu, kasada kada ta wuce kashi 1 na jarinka.

Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda kan girgiza farashin zinare, yakan fito Juma'ar farkon wata, 1:30 ko 2:30 agogonmu, kana masallaci. Rufe cinikin kafin ka fita.