Gidajen 55+ da ka gani a Amurka ba na masu ƙananan yara ba ne

Salam ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce za ka zo digiri na biyu da matarka da yaranku biyu, kana duba gidan haya a intanet sai ka ci karo da wasu masu kyau an rubuta 55+, wato na dattawa masu shekara 55 zuwa sama, kuma kuɗin da ɗan sauƙi, da ka tuntuɓe su suka ce ba sa karɓar masu yara, shine kake tambaya ko wariya ce don sun ga sunanka, sannan ko za a ba ku in aka sa sunan Baba tunda ya haura 60.

A wannan kam ba wariya ba ce, doka ce ta ɗaure musu gindi. Akwai dokar gidaje ta 1968, Fair Housing Act, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu mako guda bayan kisan Martin Luther King, ita ta haramta a hana mutum haya ko sayen gida saboda launin fata ko addini ko ƙasar da ya fito. A 1988 aka ƙara masu naƙasa da masu yara 'yan ƙasa da 18, amma aka cire unguwannin dattawa daga maganar yara, sai a 1995 aka sake fayyace sharuɗɗan da wata doka da suke kira HOPA. Iri biyu za ka fi gani. Na 62, kowa a ciki sai ya kai 62. Na 55 kuma sai kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune a ciki suna da aƙalla mutum ɗaya da ya kai 55, kuma dole su rubuta ƙa'idarsu a fili su riƙa tantance shekarun mazauna duk bayan shekara biyu, shi ya sa kana shiga ofis ɗinsu fasfo ko lasin tuƙi za su fara nema su duba ranar haihuwa.

Kar wani ya ruɗe ka da ragowar kashi 20 ɗin nan, ba haƙƙinka ba ne, in sun ga dama su hana.

Maganar Baba kuwa gaskiya ka cire ta a ranka. Bizar ɗalibi mata da 'ya'ya kawai take ɗauka, shi sai dai ya zo ziyara ya koma. Ko da ma mazaunin nan ne, shekarunsa shi za su shigar, ba za su shigar da jikokinsa ba. The Villages da ke Fulorida, wanda gari guda ne na 'yan fansho kowa da 'yar motar golf ɗinsa, wanda bai kai 19 ba kwana 30 kawai yake da shi na ziyara a shekara. Ka duba dattijon da ya saba da jikoki suna hawa jikinsa bayan la'asar a ce ana ƙirga masa kwanakin da za su yi a wajensa, wallahi ni ba zan so wa iyayenmu wannan zaman ba duk da tsafta da tsaron wajen, kuma kar ka kuskura ka ɓoye yara ka sa hannu a takardar haya, maƙwabta ne za su kai ƙara a ba ku notis ga sanyi ga makaranta.

Abin da nake so ka riƙe da kyau, wannan rangwamen na yara ne kawai. Ko unguwar dattawa ba ta isa ta kori mutum don Musulmi ne ko baƙar fata ne ko ɗan Najeriya ba. Sannan gidan haya na kowa da kowa in suka ce maka ba yara, ko suka ƙara maka kuɗin ajiya saboda yara, galibi sun karya doka, sai dai irin ƙaramin gida mai fulat huɗu ko ƙasa da haka da mai shi yake zaune a ciki, shi yana da sassauci a dokar tarayya. Ka ajiye saƙonninsu, ka ɗauki hoton tallan, kana da shekara ɗaya ka kai ƙara ma'aikatar gidaje ta HUD kuma kyauta ne.

Yanzu dai ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku ka tambaye su gidajen ɗalibai masu iyali, ka nemi mai ɗaki biyu tunda ku huɗu ne, kuma ka yi da wuri don layi ake bi. Ka gaida Baba da mai ɗakinka.