Gwajin taki a gonar gero: wane lissafi ya dace?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka zuba yuriya mataki 4, kowane mataki ya fi na baya yawa, a gonar gero a Gumel, zangarniya tana ƙaruwa a idonka, amma ANOVA, lissafin da ke gwada ko akwai bambanci tsakanin rukunoni, ta ce babu bambanci. Hakan kan faru. ANOVA ba ruwanta da jerin matakan. Ko ka hautsina su amsa ɗaya za ta ba ka, shi ya sa ƙaruwa mai tafiya sannu kan kuɓuce mata.

Tunda nauyin hatsi kake aunawa, ni gwajin Williams na 1971 zan bi. Yana gwada matakan da fegin da ba a sa wa taki ba, bisa zaton amfanin gona hawa kawai yake yi in an ƙara taki. In alƙaluman sun karkace, wato sun taru a gefe ɗaya, koma wa gwajin Jonckheere-Terpstra, wanda ke duba jerin girman alƙaluman kawai. Gwajin Cochran-Armitage kuwa na ƙirge ne, kamar iri nawa ya tsiro.

Abin da ke damuna shi ne ruwan Gumel. In ya ɗauke, taki mai yawa kan ƙona shuka, amfani ya sauko a matakin ƙarshe. Nan zaton hawa ya rushe, gwajin Dunnett, wanda ke gwada kowane mataki da fegin da babu taki ba tare da wannan zaton ba, ya fi aminci. Mataki na 4 ya fi na 3 kuwa?