Amsa: Yaushe ya kamata mai bincike ya tunkari jama'a?

Ka tambaya ko ya fi kyau ka kammala bincikenka kan lafiyar wata al'umma tukuna, sannan ka tara mutane ka yi musu bayani. A'a, kada ka jira. Ka jawo su tun kana tsara tambayoyin, ka ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, in da hali ma su taya ka tattara samfur. Da wuya mutum ya ƙaryata sakamakon da hannunsa ke ciki.

Dubi Flint ta jihar Michigan a Amurka. A 2014 aka sauya wa garin inda ake jawo ruwan famfo, mutane suka yi ta kukan ruwan ya canza launi yana wari, hukuma na cewa lafiya lau. A 2015 mazauna garin da kansu suka riƙa cika kwalabe daga famfunan gidajensu suna aika wa masanan jami'ar Virginia Tech, aka gano dalma ta yi yawa. Likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da sakamakon gwajin jinin yara gaban 'yan jarida, a watan Oktoba kuma aka mayar da garin kan ruwan birnin Detroit da yake sha a da. Amma da sharaɗi, daga abin da na gani a aiki: duk gidan da ka ɗauki samfur, ka koma da sakamakonsu da kanka, cikin maganar da za su gane, kafin su ji a rediyo. In ka tsallake wannan, zuwanka na gaba ba wanda zai buɗe maka ƙofa.