Amsa ga ɗalibina a kan shirin jarrabawar lasisin tuƙin jirgin sama

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayoyi biyu ne ka haɗa a cikinsa. Ka ce wasu abokan karatunka sun ba ka shawarar ka sayi tarin tsofaffin tambayoyi a intanet ka haddace amsoshinsu, domin a ganinsu hakan ya isa a ci jarrabawar CASA, hukumar kula da lafiyar sufurin jiragen sama ta Ostiraliya, kuma kana so ka san ko za ka tsallake jarrabawar RPL, wato lasisin tuƙi don nishaɗi, ka nufi ta PPL, wato lasisin mai tuƙi don kansa ba don kasuwanci ba, kai tsaye don rage kashe kuɗi. Ka kuma ambaci cewa wani ɗan'uwanka da ya yi karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ya aiko maka da littattafansa. Zan fara da ta biyun, domin ita ce mai sauƙi.

Tun da aka fara aiki da Sashe na 61 na dokokin sufurin jiragen sama a nan Ostiraliya a shekarar 2014, lasisin RPL ya zama matakin farko ga mai tuƙi don nishaɗi. Ana ba wanda ya kai shekara 16 kuma ya yi aƙalla awa 25 a sama, 20 tare da malami, 5 shi kaɗai, sai dai lasisi ne na ɗaurin talala, domin ba zai wuce mil 25 na teku daga filin da ya tashi ba sai an ƙara masa izinin tafiya mai nisa, kuma da rana kawai zai tashi, a jirgi mai inji ɗaya da nauyinsa bai wuce kilo 1,500 ba. Shi kuwa PPL yana buƙatar shekara 17 da awa 40, ko 35 ga wanda ke cikin haɗaɗɗen kwas, wato wanda ake tafiyar da karatu da tuƙi tare a tsari ɗaya. Jarrabawar RPL awa 2 ce, ta PPL awa 3 da rabi, kuma a dukansu sai ka sami kashi 70 cikin 100 kafin a ce ka ci. Doka ba ta tilasta maka riƙe RPL kafin PPL ba, amma ni shawarata ka zauna ta farkon. Duk abin da ke cikinta, na yadda fiffike ke ɗaga jirgi da yadda inji ke aiki da dokokin kewayen fili, zai sake zuwa maka a ta biyun, kuma gara ka saba da allon kwamfutar jarrabawa da agogonta a kan ƙaramar kafin ka fuskanci babbar.

Batun hadda shi ne wanda nake so ka saurare ni da kyau a kansa. Ban hana ka yin tsofaffin tambayoyi ba, suna da amfani a makonnin ƙarshe don ka gane inda kake da rauni kuma ka koyi raba lokacinka. Abin da na hana ka shi ne ka mayar da su su ne karatun. Masu tsara jarrabawar suna canza alƙaluma, suna juya tambaya ta fuskar da ba ka saba ba, wasu tambayoyin ma babu zaɓi a cikinsu, gurbi ne za a bar maka ka rubuta lambar da ka lissafo. Wanda ya haddace cewa amsar ita ce ta uku, nan take zai sha ƙasa. Bayan haka, duk wanda ya ci ba da cikakken maki ba, za a ba shi takardar da muke kira KDR, mai ɗauke da jerin wuraren da ya kuskure, kuma kafin gwajin tuƙi sai malami ko mai jarrabawa ya tambaye shi a kansu baki da baki har ya gamsu. A gaban mutum mai tambaya, hadda ba ta fitar da kowa.

Ga misali ɗaya da zai nuna maka bambancin. A ce filin da za ka tashi yana kan tudu mai tsayin ƙafa 2,000, matsin iskar da aka ba ka, wato QNH, 1003 ne, zafi kuma digiri 33. Ma'aunin da duniya ta amince da shi ya ɗauka cewa a bakin teku matsin iska 1013 ne, zafi digiri 15, kuma zafin yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Tazarar 1013 da 1003 ita ce 10, ka ninka da ƙafa 30, domin kowane ɗaya na matsin daidai yake da kusan ƙafa 30 na tsayi, ka sami 300, ka ɗora a kan 2,000, tsayin matsi ya zama 2,300. A wannan tsayi ya kamata zafi ya kasance digiri 10 da ɗan ɗori, amma ga shi 33, wato ya zarce da kusan 23, kuma kowane digiri ɗaya yana ƙara ƙafa 120. Idan ka haɗa za ka ga jirginka yana jin kamar yana kan ƙafa 5,000 ne alhali tayoyinsa suna ƙasa. Mai hadda zai tsaya a kan lambar. Kai kuwa ina so ka ga abin da lambar ke nufi: iska ta yi shara-shara, injin ba ya samun abin shaƙa yadda ya saba, farfela ba ta kama iska sosai, fiffike yana buƙatar ƙarin gudu, saboda haka titin da ya ishe ka da sanyin safiya zai iya gaza ka da azahar, musamman idan ka cika tanki ka kuma ɗauki fasinja. Wanda ya fahimci wannan, ko ta ina aka ɓullo masa da tambayar zai amsa.

Haka batun sitol yake, wato lokacin da iska ta daina bin bayan fiffike sumul ɗagawa ta karye. Ɗalibai da yawa suna haddace shi a matsayin wani gudu da ke rubuce a littafin jirgi, alhali kuwa kusurwar da fiffike ke tarar iska da ita ce ke jawo shi, kusan digiri 16 a irin ƙananan jiragen da muke koyarwa da su. Shi ya sa idan ka karkata jirgi digiri 60 a kwana kana riƙe da tsayinka, nauyin da fiffike ke ɗauka ya ninka biyu, gudun sitol kuma ya hau da kusan kashi 41 cikin 100. Ka ji wannan a jikinka ranar da muka yi kwanoni masu kaifi kujera ta danne ka, don haka idan ka buɗe babin, ka tuna da abin da ka ji. Haka nan ƙanƙarar kabireta: kada zafin gari ya ruɗe ka, tana iya taruwa a rana mai ɗumi idan akwai laima a iska, musamman lokacin da ka rage totur za ka sauka, alamarta ta farko kuwa a jirgi irin Cessna 172 mai kabireta ita ce juyin inji ya riƙa raguwa a hankali ba tare da ka taɓa komai ba. A kullum ka karanta babin da ya dace da darasin da za mu tashi mu yi, kada ka ware karatu gefe guda tuƙi gefe guda.

Littattafan ɗan'uwanka kuwa, ka gode masa ka ajiye su, za su amfane ka a kan inji da fiffike, domin waɗannan ba su san iyakar ƙasa ba. Amma kada ka ɗauki yanayi da kamfas da doka daga cikinsu. An rubuta su ne don arewacin duniya, mu kuwa muna kudanci, kuma abubuwa da dama a juye suke. A nan iska tana kewaya yankin ƙarancin matsi ne ta hanyar da hannun agogo ke bi, kuma idan ka ba iska baya, yankin yana hannunka na dama. Iskar arewa ita ce mai zafi, sanyi daga kudu yake zuwa, kuma ka ga yadda iskar kudu ke faɗo wa Sidni farat ɗaya da yammacin bazara. Kuskuren kamfas ma haka: idan kana juyawa zuwa arewa sai ka bar shi ya ɗan wuce kafin ka miƙe, idan zuwa kudu ne sai ka miƙe kafin ya kai, idan kuma ka ƙara gudu kana fuskantar gabas ko yamma zai nuna kamar ka karkata kudu. Littafin Ingila ko na Amurka zai gaya maka akasin haka daidai, kuma irin wannan amsar ce ake sakawa cikin zaɓi don a kama wanda ya karanta littafin wani wuri.

A ɓangaren doka ba a bukatar ka riƙe komai da ka, domin ana shiga da wasu littattafai ɗakin jarrabawa, kuma jerin waɗanda aka halatta yana shafin hukumar, ka duba shi kafin ranar tare da ƙa'idar liƙa alama a shafuka. Gwanintar da ake nema ita ce saurin nemo abu. Ka saba da AIP, littafin ƙa'idojin tashi, da ERSA, littafin bayanan filayen jiragen sama, har hannunka ya san inda kowane sashe yake, ka kuma tabbatar bugun da ke hannunka na yanzu ne, domin dokokin tashi sun koma Sashe na 91 tun Disamba 2021 kuma tsofaffin bayanai suna nan suna yawo. Duk da haka akwai 'yan abubuwan da bai kamata ka buɗe littafi a kansu ba: ajiyar mai ta ƙarshe ta minti 30 ga ƙaramin jirgi mai fistin da ke tashi da gani da rana, awa 8 tsakanin shan barasa da tuƙi, wanda ko da bai shafe ka ba za a tambaye ka, da nisan gani na mita 5,000 a ƙasa da ƙafa 10,000, da tsayin tafiya na dubban ƙafa marasa cika, kamar uku ko biyar, da ɗari biyar idan ka nufi ɓangaren gabas, masu cika da ɗari biyar idan ɓangaren yamma ne.

Inda na fi ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna zubar da maki shi ne wurin ma'auni da lokaci. Mai ana sayensa da lita, littafin jirgin Amurka yana maganar galan, lissafin nauyi kuma da kilo ake yi, lita 100 ta man jirgi kilo 72 ce. Iskar da ke cikin TAF da METAR, wato hasashen yanayin fili da rahotonsa, daga arewa ta gaskiya ake auna ta, wadda hasumiya ke faɗa maka kuwa daga arewar kamfas, kuma a yankin Sidni tazararsu ta kai kusan digiri 12. Rahotanni duk da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, suke zuwa, mu muna gaba da awa 10, da bazara 11, amma jihar Kwinsland ba ta canza agogonta. Ka ɗauki al'adar rubuta ma'aunin kowace lamba a gefenta a takardar lissafi, ka kuma karanta ƙarshen tambaya sau biyu ka ga da wane ma'auni ake son amsar. Faifan lissafin tafiya kuma ka riƙa juya shi kullum ko da na minti goma ne, tare da dokar ɗaya cikin sittin: idan ka yi mil 30 ka ga ka kauce da mil 2, kuskurenka digiri 4 ne.

Kada ka nemi ranar jarrabawa sai kana samun sama da kashi 80 a gwajin da ka yi da agogo a gabanka, ba tare da leƙa amsa ba, a kan tambayoyin da ba ka taɓa gani ba. Ranar Asabar ka zo da ERSA da taswira da hasashen yanayin safiyar, ka riga ka tsara tafiya daga Bankstown zuwa Bathurst ta kan duwatsu, da lissafin mai da na nauyi da tsawon titin da za ka buƙata don tasowa daga can da tsakar rana, za mu zauna mu bi shi layi-layi kafin mu je wurin jirgi.